Kunnen Ajuma

Shafi na 12

Waɗanda suka yi ta tambaya a ƙarƙashin shafi na 11 me ya kawo baƙon Yamai, ga amsarku.

Mushe Hamidu, wato Malam Hamidu a bakin masu Faransanci, ya iso ofishin lura da ruwa na Gaya ranar Alhamis, ƙarfe goma da kwata na safe, da jakar baya da takarda mai hatimi biyu. Babban biro na Yamai, wato hedikwatar hukumar, shi ne ya turo shi ya zagaya rassa ya rufe shafukansu na Fesbuk. Ya gama da Doso ranar Litinin, jiya ya kwana a Dioundiou. Gaya ce ta ƙarshe a jerinsa.

Nasiba, mai riƙe da shafin reshen, ta ba shi kujera, ta kawo masa ruwa. Takardar ba baƙuwa ba ce a wurinta. Kwafinta ya iso tun makon jiya, ta karanta har ta haddace. Daga yau da midi, wato sha biyun rana, rassa ashirin da uku ba su da bakin magana. Shafi ɗaya za a bari, na Yamai. Kowane reshe zai cika fom ya tura lambar ruwa kafin ƙarfe takwas, a duba, darakta ya sa biza, wato hannun amincewa, sannan a wallafa da Faransanci ƙarƙashin tambarin hukuma. Fassara zuwa harsunan gida za ta biyo baya, in ji takardar, gwargwadon hali.

Shekara huɗu ke nan shafin Gaya yana hannunta. Kowace safiya takan sauka bakin kogin Isa, ta karanta lambar da ruwa ya taɓa a jikin sandar awo, ta ɗauki hoto, ta naɗi murya sau uku, da Hausa da Dendi da Zabarmanci. Kafin ƙarfe bakwai masunta sun ji, manoman shinkafa na tsibirai sun ji, masu jirgi sun san ko za su kwance igiya. Mutum dubu goma sha ɗaya ke bin shafin. Rabinsu ba su karatu, muryar suke kunnawa.

Shef Safiyanu, shugaban reshen, wanda saura masa shekara ɗaya ya ajiye aiki, ya gyara zaman tabarau ya sake duba hatimin.

"Mushe, tambaya ɗaya. Shi kogin an tura masa nasa kwafin?"

Hamidu ya ce bai gane ba.

"Don ya san sai darakta ya sa biza zai hau."

Hamidu ya yi murmushin wanda aka yi wa ba'a irin wannan a rassa ashirin da biyu. Bai yi fushi ba. Ya lissafa dalilansa a natse. Akwai reshen da mai riƙe da shafin aka yi masa canjin wurin aiki ya tafi da kod ɗin shiga, yau shekara biyu shafin yana nuna ruwan damina ɗaya. Akwai reshen da aka wayi gari shafinsa na tallar maganin basir. Akwai wanda ya sa hotunan bikin ƙanwarsa. Akwai wanda ya yi shelar ambaliya bisa jita-jita, ƙauye uku suka kwana a kan tudu a banza. Hukuma ɗaya, in ji shi, murya ɗaya ya kamata ta yi.

Nasiba ba ta musa ba. Ta san gaskiya ya faɗa. Ta dai ce masa yanzu Satumba ce, jan ruwa, wato hawan kogi na damina, na zuwa, kuma lambar safiyar yau ɗari huɗu da saba'in da shida. In ta kai ɗari huɗu da tamanin, Sarkin jirgi yakan ɗaure jirage duka, mutanen tsibirai su kwashe dabbobinsu. Ta tambaya ko za a iya jinkirta rufewar zuwa ƙarshen wata.

Ya ce ya nemi hakan tun daga Doso. An ƙi.

Sai ya buɗe jakar ya fito da wani abu da ba ya cikin kwafin da aka aiko: takardu goma sha huɗu, an haɗa da ƙusa a kusurwa.

"Madam, akwai magana ta biyu. Na so a ce wani aka ba ta."

Ya bayyana cewa kafin a rufe kowane shafi, sashen sadarwa na Yamai yakan tace abin da mabiya ke rubutawa, a ware waɗanda za a toshe kada su bi jama'a zuwa sabon shafin. Yawanci 'yan talla ne da masu zagi. A Gaya suna ɗaya ne ya tsaya musu. Ɗan Tsallake. Ba hoton fuska, sai bayan wata kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya. Ba ya wallafa komai, ba ya bin kowane shafi sai wannan. A shekara uku ya yi rubutu sau ɗari shida da sha ɗaya, duk a lokacin hawan ruwa, duk jimla ɗaya.

Hamidu ya karanta ta a bayyane, a hankali, kamar yadda ake karanta sunan magani.

"Ruwa ya kai kunnen Ajuma?"

Nasiba ta sunkuyar da kai.

Ya juya takarda. Ya ce abin da ya fi damun Yamai shi ne shafin hukuma yana amsawa. Ya karanta amsoshin da kwanan watansu. Yana gwiwa. Yana gwiwa. Yana ƙugu. Ya sauka. Yana kafaɗa. Sun duba taswira, ba ƙauye, ba tsibiri, ba mashigi mai suna Kunnen Ajuma daga nan har iyakar Najeriya. Sun kira mai fassara ya mayar musu da Faransanci, abin ya ƙara muni. Ƙarshe wani ya ce ishara ce ta masu tsallakar da fetur ta kogi: gwiwa hanya a buɗe, kafaɗa a dakata. Za a toshe sunan da midi, a miƙa shi ga jami'an tsaro. Ita kuma ana son bayaninta a rubuce.

Shef Safiyanu ya cire tabaran gaba ɗaya.

"Ajuma sunan mahaifiyarta ne," ya ce.

Hamidu ya kalle shi, ya kalli Nasiba. Ya ajiye takardun a kan tebur kamar sun yi zafi. Ya ba ta haƙuri, ya ce bai sani ba, da bai riƙa maimaita sunan a gabanta haka ba.

Shef ya juyo gare ta. Abokin mahaifinta ne tun suna samari, shi ya yanka ragon sunanta.

"'Yata, ni ma shekara uku ina ganin abin nan ina shiru. Na ɗauka wasa ne tsakaninki da wani ɗan'uwa. Yau kam sai kin faɗa."

Magana ce ta cikin gida, ba a taɓa fitar da ita ƙofar zaure ba. Da ta fara, muryarta irin ta sanarwar safe ce, ba hawa ba sauka.

Mahaifinta, Malam Yusufu, shi ya karanta sandar Gaya shekara talatin da ɗaya. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a sani ba shi ne, satin da aka kawo masa amarya, cikin rani, ya kai ta bakin kogi ta ga aikinsa. Ruwa ya janye, babbar sandar tana tsaye a busasshiyar ƙasa. Ya ce ta tsaya a gindinta. Gwiwarta ta zo daidai ɗari uku da tamanin. Ƙugunta ɗari huɗu da ashirin da biyar. Kafaɗarta ɗari huɗu da sittin da biyar. Kunnenta ya faɗa daidai kan jan layi, ɗari huɗu da tamanin, inda ake ɗaure jirage.

Daga ranar, a waje lamba yake faɗa. A gida kuwa, in ya jingine keke ya shigo, sai ya ce yau ruwa ya kama ki a gwiwa, ko ya ce ki yi hankali, ya kusa kunne. Ita kuma ta ce to ya bar mata ɗan kunnenta kada ya tafi da shi. Haka 'ya'yansu biyu suka taso suna ji.

"Mutum huɗu suka san maganar nan," in ji Nasiba. "Baba ya rasu. Inna ba ta gani sosai, ba ta taɓa riƙe waya mai shafawa ba. Ni ce ta uku."

"Yazidu," in ji Shef.

Hamidu ya tambaya wane ne Yazidu. Shef ya ce yayanta ne. Ya hau kamiyo zuwa Kwatano shekara tara da suka wuce, ba wanda ya ƙara jin ɗuriyarsa. An nema a Paraku, an nema a tashar jiragen ruwa, an yi cigiya a rediyo. Har mahaifinsu ya rasu bai zo ba.

Hamidu ya ɗauki biro, ya ajiye. Ya ce ya yarda da ita, amma a Yamai za a yi masa tambayar da shi ma yake yi yanzu. Mutum yana da waya, yana da rezon shiga intanet, ya san shafin a hannun ƙanwarsa yake tunda muryarta yake ji kullum. Me ya hana shi ya kira gida? Me ya sa sai ruwa yake tambaya?

Ta ce ta gwada. Farkon ganin jimlar ta rubuta masa ta cikin akwatin saƙo, kalma uku: Yaya, kai ne? An nuna ya gani. Ya ɓace kwana arba'in. Ta tura masa gayyata daga shafinta na kanta, bai karɓa ba. Da ya dawo, jimlarsa ya sake rubutawa kamar ba abin da ya faru. Tun daga nan ta gane sharaɗin. Da kogi yake magana, ba da ita ba. In ta amsa a matsayin kogi, gobe zai dawo.

"Ban amsa tambayarka ba, na sani," ta ce.

Ta juya ga Shef.

"Baba, ka tuna ambaliyar da aka kori Babanmu a kanta?"

Ya ce ko a kabari aka tashe shi zai tuna. An rubuta ɗari huɗu da goma a littafi, alhali ruwa ya wuce jan layi. Ba a gargaɗi tsibirai ba. Shinkafar ƙauye biyu ta tafi, shanu sittin da wani abu suka nutse, Allah ne ya tsare rayuka. Yusufu ya tsaya gaban kwamiti ya ce idonsa ne ya yaudare shi.

"Ba shi ya rubuta ba," in ji Nasiba.



Ta ce ran nan zazzaɓi ya kwantar da mahaifinsu, ko tsayuwa ba ya iyawa. Ya ba Yazidu littafin da fitila ya ce ya je ya karanta. Yazidu yana da shekara ashirin da biyu, an yi masa alkawarin karen mota a wata kamiyo da ke lodin albasa, yana tsoron kada ta tashi ta bar shi. Bai sauka kogin ba. Ya zauna a bakin tasha ya duba lambar jiya, ya ƙara biyar, ya rubuta, ya kai ofis. Bai san an yi ruwa kwana biyu a sama ba.

Da abin ya faru, mahaifinsu bai daka shi ba, bai zage shi ba. Ya kira shi tsakar gida, gaban Inna, ya ce masa magana ɗaya: wanda bai je ya duba ba, kada ya ƙara faɗin komai a gidan nan. Washegari Yazidu ya tafi. Mahaifinsu ya je kwamiti ya ɗauki laifin, ya sa su rantse ba za su faɗa ba yana raye.

"Ka ce me ya sa ruwa kaɗai yake tambaya," ta ce wa Hamidu. "An hana shi faɗa. Ba a hana shi tambaya ba."

Shef Safiyanu ya tashi ya je taga. Daga can ya yi magana, bai juyo ba.

"Ni na kai masa takardar sallamar. Da hannuna. Ya ce in zauna a kawo mini fura."

Ya ci gaba, idonsa na waje.

"Shekara shida ina wucewa ta maƙabarta ina cewa Yusufu, da ka gaya mini idonka ya lalace da na riƙa raka ka."

Agogon bango ya nuna sha ɗaya da minti talatin da biyar.

Hamidu ya fita baranda da wayarsa. Suna jin shi ta taga yana Faransanci, da farko a ladabce, daga baya da sauri. Ya kira mutum uku. Da ya dawo ya faɗi sakamakon ba kwana-kwana. Darakta yana taro. Wanda ke kula da na'ura ya ce an riga an tsara komai, da midi daidai za a cire duk masu riƙe da shafukan rassa, akwatunan saƙo su koma Yamai. Sunan Ɗan Tsallake kuwa, shi Hamidu zai iya hana a miƙa shi ga jami'an tsaro, wannan ya yi alkawari, zai rubuta rahoto yau. Toshewar ma zai nemi a ɗage, amma ba za a karanta rahoton ba sai Litinin.

Nasiba ta tambaya, in mutum ya rubuta wa sabon shafin, wa zai amsa masa.

Ya ce akwai amsoshi goma sha biyu da aka shirya. Ana zaɓar wadda ta fi kusa.

Ta yi tunanin Inna. Da safen nan ta bar ta zaune a ƙofar ɗaki tana tsince shinkafa da yatsu tunda ido ya daina taimako. Kullum in Nasiba ta dawo daga aiki, kafin ta ajiye jaka, tambayar ɗaya ce: ya tambaya? In ta ce ya tambaya, sai Inna ta ce me kika ce masa. In ta ce kafaɗa, sai tsohuwar ta kai hannu ta taɓa kafaɗarta, ta ci gaba da abin da take yi. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne. Shekaranjiya ta yi dariya ta ce ita fa ta rage tsawo, in aka kai ta gindin sandar yanzu jan layin a saman kallabinta zai tsaya. Ta ce wancan mai tambayar in bai yi sauri ba, zai zo ya tarar awonsa ya daina aiki.

Nasiba ba ta gaya mata za a rufe shafin ba.

Hamidu ya duba agogon hannunsa, ya tattara takardun goma sha huɗu ya mayar jaka.

"Madam, a takarda shafin nan naki ne har midi. Saura minti goma sha takwas. Ni rezo ba ya kama mini a ɗakin nan, zan koma baranda."

Ya fita ya ja ƙofa.

Shef ya ce ko shi ma ya fita. Ta ce ya zauna.

Ta buɗe akwatin saƙo na shafin. Kalmominta uku na shekara uku da suka wuce suna nan a sama, ba komai a ƙarƙashinsu. Ɗigon kore yana kusa da hoton kamiyon. Yana kan layi. Da safe ya yi tambayarsa ƙarfe bakwai da minti huɗu, ta amsa masa ya wuce kafaɗa.

Ta san abin da zai iya biyo baya. Kwana arba'in, ko har abada. Amma bayan midi ba sauran kogin da zai amsa masa.

Ta danna alamar naɗar murya.

"Yaya Yazidu, Nasiba ce. Ba sanarwa ba ce. Da midi za a rufe shafin nan, in ka rubuta gobe ba ni zan gani ba. Inna tana nan, idonta ya yi rauni, kullum sai ta tambaya ko ka tambaya. Baba ya bar maka saƙo kwana biyu kafin ya rasu. Na riƙe shi shekara shida don ina tsoron ka gudu. Ya ce, in ya dawo ku ce masa sandar tana nan inda take, ya je ya duba ya zo ya faɗa mini. Haka ya ce, ya zo ya faɗa. Lambar gida ba ta canza ba. Ruwa saura yatsa biyu ya kai kunne."

Ta saki. Saƙon ya tafi. Sha ɗaya da minti arba'in da shida.

An nuna ya gani.

Ta ajiye wayar a kan tebur tsakaninta da Shef. Ba abin da ya zo. Wata kamiyo ta wuce a titi, gilashin taga ya yi rawa. Shef ya ciro carbi ya riƙe bai ja ba.

Minti biyar. Ɗigon kore ya mutu.

Nasiba ta ce shi ke nan. Ta jawo fom ɗin miƙa shafi da Hamidu ya bari, ta cika sunanta da lambar aikinta da kwanan wata. Ta sa hannu a inda aka yi alama.

"Ya dawo," in ji Shef.

Ɗigon ya sake kamawa. A ƙasan allon, ƙananan ɗigo uku suna motsi. Suka tsaya. Suka sake motsi. Suka tsaya.

Sha ɗaya da hamsin da biyar.

Shef ya matso da kujerarsa. Ya ce yaron nan tun yana ƙarami haka yake, in an aike shi sai ya tsaya a ƙofa yana shirya maganar da zai faɗa. Nasiba ba ta ji shi ba.

Hamsin da bakwai. Hamsin da takwas.

Saƙon murya ya faɗo. Tsawonsa minti uku da daƙiƙa goma sha biyu.

Ta danna.

Da farko ba magana. Ƙarar injin jirgi ce, da ruwa yana dukan katako. Can baya wata mata tana tallar soyayyen kifi da Dendi, wani yana kiran fasinjan Gaya, saura mutum biyu, saura mutum biyu. Shef ya ɗago kai. Duk wanda ya taɓa tsallaka Isa ya san wannan hayaniyar. Mashigin Malanbil ne, tsallaken kogi, inda in ka tsaya a gindin sandar awo kana hango rumfunansa.

Sai numfashi. Sai murya, ta yi kauri, ta ɗauko wani karin harshe na kudu, amma ita ce.

"Nasiba. Na ji. Kwana uku ke nan ina Malanbil. Kullum sai in zo bakin ruwa in koma. Ki saurara da kyau, don ba zan iya maimaitawa ba. Ki ce ma Inna, in har..."

Allon ya yi fari.

Rubutu ya fito da Faransanci: ba ki da izinin shiga wannan shafi.

Ta danna baya. Ta sake danna. Ta rufe ta buɗe. Agogon bango ya nuna midi daidai.

Hamidu ya shigo da sauri, wayarsa a hannu. Shi yana da izinin gani, ba shi da izinin kunna saƙo ko amsawa. Ya ce saƙon yana nan, bai ɓace ba, yana Yamai, zai sa a turo mata ko da zai kwana a ƙofar darakta. Yana cikin maganar idonsa ya tsaya a kan allon wayar.

Nasiba ta miƙa hannu. Ya yi jinkiri, sannan ya ba ta.

A ƙarƙashin muryar Yazidu, minti uku da daƙiƙa goma sha biyu, magana ta farko da ya yi wa gidansu cikin shekara tara, sabon shafin ya riga ya amsa da kansa, da Faransanci, da tambarin hukuma. An gode da tuntuɓar mu. Ba ma karɓar saƙon murya. A cika fom.

An nuna ya gani.

Ɗigon kore ya mutu.

Ta mayar wa Hamidu wayarsa. Ta ɗauki mayafinta daga bayan kujera, ta zura takalmi. Daga ofis zuwa mashigi minti goma ne a kabu-kabu, tsallakawa minti ashirin a jirgi, tunda gadar iyaka a rufe take. Shef ya ce ta jira ya ɗauko makullin babur ɗinsa.

Wayarta ta kanta ta yi ƙara tana bakin ƙofa. Sarkin jirgi ne. Ta ɗauka tana tafiya.

"'Yar Yusufu, na duba shafin ban ga komai ba, shi ya sa na kira. Ina gindin sandarku. Ruwa ya rufe jan layi. Na sa an ɗaure jirage duka, nan da tsallake."